Damin Gonar Gawo

A ƙauyen Fagen Kanya, arewa da Ɗanbatta, ba a taɓa raba manomi da gonar da yake nomawa ba, kuma ba za a taɓa yi ba, domin al'ummar ta gina wa kanta tsarin amana wanda ya fi kowace takardar mallaka ƙarfi. Wannan magana tabbatacciya ce. Tana shafi na ɗari da arba'in da biyu a kundin digirin digirgir na Kamaruddeen Sa'idu, ita ce ta buɗe babi na biyar, kuma farfesoshi uku sun sa hannu a kanta.

Kamaruddeen ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa yake karantawa a jami'a. A Fagen Kanya, garin mahaifiyarsa, an taƙaita wa abin suna, ana ce da shi karatun tambaya. A littattafan da ya karanta, masu wannan ilimi sukan ƙetare teku su zauna da mutanen da ba su san harshensu ba. Shi ma ya nemi tallafin tafiya, tallafin bai fito ba, sai ya gano cewa a kimiyyance ma ya fi dacewa mutum ya nazarci mutanensa. Ya sauka a gidan Kawu Nababa, yayan mahaifiyarsa, da jaka cike da takardu da 'yar na'urar naɗar murya. Aka share masa ɗakin zaure. Inna Maijidda, matar Kawu, ta ƙara gero a tukunya ba tare da ta tambayi ranar tafiyarsa ba.

Wannan yanki ba shi da daji. Inda gonarka ta ƙare nan ta wani ta fara, layin gamba ne kawai a tsakaninku. Rabon gado ya yi ta yanka gonaki har an kai inda jaki in ya juya a gonar ubangidansa sai wutsiyarsa ta shiga ta maƙwabci. A cikin wannan matsi Kawu Nababa yana da gona guda mai fili, da ƙaton gawo a tsakiyarta. Ita ke cika rumbunsa. Ban da ita, sai wani ɗan tsiri a bayan gida da Inna ke shuka kuɓewa. 'Ya'yansa mata duk suna gidajen mazajensu, namijin guda ya rasu tun yana saurayi. Shekarunsa saba'in, shi yake kai takinsa da jaki, shi yake shukarsa.

Damina guda Kamaruddeen ya yi yana tambaya. Ya tambayi tsofaffi yadda suke gane iyaka, ya tambayi dalilin da ya sa ake shuka wake a tsakanin gero, ya auna gonaki da waya ya zana taswira. Mutane suka riƙa amsa masa da haƙurin da ake yi wa marar lafiya. Ya cika littattafai shida, amma a ransa ya san bai samo komai ba wanda wani Bature bai riga shi rubutawa ba shekara hamsin da suka wuce.

Ranar da aka gama ɗaurin gero ya ga abin. Kawu ya zagaya dammunan da ke jere a gindin gawo, yana ɗaga wannan yana ajiyewa, har ya zaɓi wanda ya fi kowanne nauyi ya ware shi gefe.

"Kawu, wannan na zakka ne?"

"Zakka na can, tuni an fitar."

"To wannan fa?"

"Na gaisuwa ne. Gidan Malam Ɗanliti za shi."

"Malam Ɗanliti ai ya rasu."

"Shekara shida ke nan. Gidansa ne bai rasu ba." Kawu ya dubi na'urar da ke hannun ɗan ƙanwarsa. "Kai wannan abar taka ba ta ƙoshi ne? Tun bazara take cin magana."

Kamaruddeen ya zauna a kan kunya ya ƙi tashi. A ƙarshe Kawu ya zauna shi ma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ba shi labari. Shekarar babban fari, mahaifin Kawu ya rasa gonarsa, ya ɗaure kaya zai bar gari da iyalinsa. Malam Ɗanliti, mai gonaki da yawa, ya kira shi nan gindin gawon nan ya ce masa, je ka noma. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ba takarda, ba liman, ba mai unguwa. Nababa kaɗai ke wurin, yana saurayi, riƙe da igiyar jaki. Tun daga wannan shekara, duk kaka dami guda ke tafiya gidan Malam Ɗanliti.

"Ke nan aro ce," in ji Kamaruddeen. "Gonar ta aro ce."

"Kai ka faɗa."

"Amma Kawu, in ba a faɗa ba, yaya za a sani?"

"Wanda ya bayar ya sani, wanda aka bai wa ya sani. Damin nan shi yake magana, don kada bakin mutum ya yi ta." Ya shafa hular da ke gwiwarsa. "Da Malam zai rasu ya kira 'ya'yansa ya lissafa musu gonakinsa ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a bakin ƙofa. Ya zo kan wannan, ya dube ni, ya wuce."

Kamaruddeen ya matso da na'urar kusa. Ya ji tausayi, wannan gaskiya ne, amma abin da ya fi ji shi ne babi na biyar yana rubuta kansa. Ya ciro takardar neman izini, wadda jami'a ta wajabta don kare mutanen da ake nazari daga cutarwa, ya karanta wa Kawu ita da Hausa. Za a sakaya sunansa. Yana da 'yancin janyewa a kowane lokaci.

"Wa zai karanta littafin?"

"Malamai, Kawu. Wataƙila har ƙasar waje."

"To su ai ba su san gawon ba," in ji Kawu, ya dangwala yatsa a takardar.

Farfesan da ke duba aikin Kamaruddeen mutum ne mai son ƙa'ida. Rabonsa da gona tun yana firamare, amma ya rubuta littafi biyu a kan manoma. Ya karanta babin a ofishinsa, fanka na kaɗa takardu, ya cire tabarau.

"Wannan shi ne kundin, Kamaru. Sauran duk ciko ne. Sai dai da ƙafa ɗaya yake tsaye. Ka ji daga bakin mai aro. Ina muryar mai bayarwa?"

"Ya rasu, ranka ya daɗe."

"Ba shi da magada? Mai jarrabawa daga waje zai kama ka a nan, ya ce labarin tsoho guda ka mayar ƙa'ida. Je ka ji yadda su suke kallon abin. Ilimi ba ya tsoron tambaya."

A kan hanyarsa ta fita Kamaruddeen ya tuna yadda Malam Ɗanliti ya dubi Kawu ya wuce. Ya tuna sosai, har ya ɗan tsaya a matakala. Sai ya tuna kuma shekara biyar ke nan yana wannan karatu, matarsa ta daina gaya wa ƙawayenta lokacin da zai gama. Ya gaya wa kansa cewa babban ɗa ba zai rasa sani ba. Wa zai karɓi dami shekara shida bai san na mene ne ba?

Babban ɗan shi ne Alhaji Abdulkabir, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya karɓe shi da fara'a a rumfarsa, tsakanin buhunan riɗi, ya sa aka kawo lemo.

"Ɗan gidan Baba Nababa! Ai Baba mutumin kirki ne. Ka ga tsohon nan, har yau bai fasa aiko mana da gero ba, saboda ƙaunar da ke tsakaninsa da marigayi. Irin waɗannan mutanen sun ƙare."

Kamaruddeen ya kunna na'ura, ya karanta takardar izini, ya bi tambayoyinsa bi da bi kamar yadda aka koya masa, daga masu sauƙi zuwa masu nauyi. Ta tara ita ce mai nauyin.

"Alhaji, a ganinka me ya sa gidanku bai taɓa neman a mayar masa da gonar ba?"

"Wace gona?"

Na'urar ta naɗi shirun da ya biyo baya. Daga baya Kamaruddeen ya auna shi, daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Yana iya cewa ya yi kuskure, yana iya cewa wani gida yake nufi. Bai iya ƙarya da sauri ba, iliminsa bai kai nan ba. Alhaji ya yi ta tambaya a hankali, irin ta mai sayen hatsi da ke tura hannu ƙasan buhu, har ya ji duka.

Bai yi murna ba. Ya cire hula ya shafa kansa.

"Inna lillahi. Malam Kamaru, me ya sa ka gaya mini?"

"Na zaci ka sani."

"Da na sani da na yi shiru kamar yadda marigayi ya yi, ya tafi da abinsa. Shi gonarsa ce, yana da ikon yin shiru. Ni fa? Mu goma sha ɗaya ne. Akwai ƙannena mata biyu da mazajensu suka mutu suka bar su da yara. Akwai marayun ƙanena. In na ɓoye yanzu, haƙƙinsu na ɓoye, kuma da sanina." Ya ture kwalbar lemon gefe. "Jiya ba ni da laifi a wurin Allah. Yau ka kawo mini shi har rumfa."

Ya raka shi har bakin titi, ya ce a gaida Baba.

Kamaruddeen ya koma Fagen Kanya ana tsakiyar rani. Ya tarar da Kawu a gona yana sauke mangalar taki daga kan jaki, tsibi-tsibi a jere, aikin da ya yi wata biyu yana yi. Ya gaya masa a tsaye. Kawu ya gama zazzage mangalar tukuna, ya karkaɗe ta, ya mayar a bayan jaki.

"To," in ji shi.

"Kawu, ka saurare ni. Babu takarda. Babu shaida, duk sun mutu. Shekara hamsin kana nomanta, ko kotu aka je kai ke da ita. Abin da na naɗa zan goge. Ka ce kyauta ce. Ka ce ni ne ban fahimta ba, ai kowa ya san ba na fahimta."

"In ce kyauta ce."

"Eh."

"Shi damin da nake kaiwa fa, in ce na mene ne?"

"Na zumunci. Haka su ma suka ɗauka."

Kawu ya dubi ƙasa, ya tura wani ɓurɓushin taki da yatsan ƙafa. "Kamaru, ƙasar nan da kake so in yi ƙarya a kanta, cikinta za a sa ni. Kuma ba da daɗewa ba. Ubana bai ce kyauta ba ce. Malam bai ce kyauta ba ce. Je ka noma ya ce. Na noma."

Zaman da aka yi a zauren dagaci bai kai sa'a guda ba. Alhaji Abdulkabir ya zo da ƙannensa maza uku da malamin da zai yi rabo. Ya durƙusa ya gaida Kawu, bai iya haɗa ido da shi ba. Dagaci, wanda ya girmi kowa a wurin ban da Kawu, ya yi tambayar ta hanyar da ta bar ƙofa a buɗe.

"Malam Nababa, an daɗe. Mutum yakan manta. Ko kana jin marigayi ya bar maka ita ne gaba ɗaya?"

Duk zauren ya san amsar da ake roƙonsa ya bayar. Har Alhaji ya ɗago kai yana jira.

"Ban manta ba, ranka ya daɗe. Aro ce."

Ƙaramin cikin ƙannen ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, yayansa ya harare shi. Aka yanke cewa tunda ya riga ya zuba taki, ya noma wannan damina ya kwashe amfaninsa, bayan kaka a raba. Alhaji ya ce rabonsa shi ya bar wa Baba har ƙarshen ransa. Malamin rabo ya yi lissafi a bayan takarda, rabon Alhaji ya kama kunya tara, can gefen da ruwa ke kwanciya. Kowa ya yaba da karamcinsa, kuma karamcin ne.

Da za a tashi dagaci ya dubi Kamaruddeen. "Malam mai tambaya, akwai sauran abin da kake son sani a garin nan?"

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi da ya fi masa sauƙi.

Inna Maijidda ba ta sauya wa Kamaruddeen fuska ba. Ta ci gaba da aiko masa da tuwo zaure, da man shanu a kai kamar kullum. Kwana uku ya iya ci, ya haɗa jakarsa ya koma birni.

Ya je wa Farfesa da niyyar cire babi na biyar, ko aƙalla jimlar farko. Farfesa ya saurare shi har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce abin ba daɗi.

"Amma bari in tambaye ka. Yaushe ka rufe aikin fili, wato tattara bayanai a ƙauyen, a hukumance?"

"Ƙarshen kaka."

"Wannan abin yaushe ya faru?"

"Da rani."

"To ka gani. Yana wajen lokacin bincikenka. Abin da ka rubuta gaskiya ne a lokacin da ka rubuta shi. In ka taɓa babin nan, kundin ya rushe, sai ka koma fili wata shekara, kuma wa'adinka ya ƙare a watan goma. Ka sa layi guda a ƙarshe, ka ce akwai buƙatar ƙarin bincike a kan sauye-sauyen da tsarin ke fuskanta." Ya mayar da tabarau. "Hasali ma abin da ya faru zai ba ka maƙala mai kyau nan gaba. Ka riƙe abin da ka naɗa."

Kamaruddeen ya yi mako biyu yana buɗe shafin yana rufewa. Sau ɗaya ya goge jimlar, ya zauna yana kallon gurbin, sannan ya mayar da ita. Ya sa layin ƙarin bincike. A shafin godiya ya rubuta cewa yana godiya ta musamman ga Malam N., wanda ba don shi ba da wannan aiki bai yiwu ba.

Ranar kare kundi mai jarrabawa daga waje ya ce babi na biyar ya sosa masa rai. Ya ce a zamanin da kowa ke kukan lalacewar amana, ga wani matashi ya nuna mana da hujja cewa tana nan da ranta a karkara. Ya yaba musamman da yadda aka ji daga ɓangarorin biyu. Gyara kaɗan aka ba shi, yawanci na waƙafi.

Ya koma Fagen Kanya da kaka, da kwafi guda mai baƙin bango da rubutun zinariya. Ya rasa me ya sa ya ɗauko shi, sai dai bai san abin da zai zo da shi ba in ba shi ba. A gida Inna ta ce masa barka da arziki, Dakta, ta ce Kawunsa yana gona.

Geron ya yi kyau a wannan shekara, takin ya kama. Dammuna na jere a gindin gawo. A gefen gonar an riga an ajiye tarin turaku da igiyar awo, an rufe su da kara, saboda kunya ko saboda rana. Kawu na zaune yana murza igiyar ɗauri a cinyarsa.

"A'a, Dakta ne? An gama ke nan?"

"An gama, Kawu."

"Alhamdu lillahi. Mahaifiyarka ta huta da tambayar mutane." Ya goge hannu a riga ya karɓi kundin da hannu biyu, ya jinjina nauyinsa. "Kai, ya yi rabin dami. Ina wurin namu?"

Kamaruddeen ya buɗe masa shafi na ɗari da arba'in da biyu.

"Karanta mini."

Ya karanta da Turanci, yana fatan a tsaya nan.

"Da Hausa."

Ya mayar masa da ita Hausa, kalma bayan kalma, muryarsa na raguwa, har zuwa takardar mallaka. Kawu ya saurara da kai a sunkuye, kamar mai jin wa'azi.

"Malaman sun yarda?"

"Sun yarda."

"Sun ji daɗi?"

"Sun ji daɗi, Kawu. Kawu, ni..."

"To madalla. Ka rubuta da kyau. Haka abin yake." Ya rufe kundin ya miƙa masa. "Riƙe, kada ƙasa ta ɓata shi."

Ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya bi layin dammunan yana ɗaga wannan yana ajiyewa, ya koma baya ya sake gwada guda biyu, sannan ya ja wanda ya fi nauyi gefe.

"Kawu, bana ma? Ai sun karɓi abinsu."

"Bana ba na noma ba?"

Kamaruddeen ya ajiye kundin a kan kara ya matso zai ɗauka. Kawu ya ce a'a, rigarsa fara ce, ƙaiƙayi zai hana shi barci. Ya ce dai ya kama masa gefe guda. Suka ɗaga tare, damin ya zauna a kan gammo, wuyan tsohon ya ɗan lanƙwashe sannan ya miƙe.

"Ka wuce gida, Innarka ta dama fura," in ji shi.

Ya bi layin gamba ya nufi gidan Malam Ɗanliti, yana taka iyaka a hankali don kada ya shiga gonar mutane.